Hayaƙin masana'anta: na mai ƙerawa ne ko na mai saye?

Daga 1990 zuwa yau, Birtaniya ta rage kusan rabin hayaƙi mai ɗumama duniya da take fitarwa. A ƙarshen Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal. Aiki ne na gaske, ba a musu. Sai dai lissafin bai haɗa da hayaƙin da ya tashi a Sin wajen ƙera wayoyin da ke aljihun mutanen Landan ba.

Yadda ake ƙirgawa a yanzu

Tun yarjejeniyar Kyoto ta 1997 har zuwa ta Paris ta 2015, ƙa'idar guda ce: kowace ƙasa ta ƙirga abin da ya tashi a cikin iyakarta. Idan masana'antar ƙarfe ta rufe, aka koma sayowa daga waje, alƙaluman ƙasar sai su yi kyau, alhali sararin sama bai samu sauƙin komai ba. An share tsakar gida ne kawai, an tura sharar ƙofar maƙwabci.

Ɗaya lissafin

Shi kuma wannan bin kaya yake yi har hannun wanda ya saya. A ɗauki hayaƙin cikin gida, a cire na kayan da aka sayar waje, a ƙara na waɗanda aka shigo da su.

Ɗauki riga ɗaya da ke rataye a kanti a Manchesta. An noma audugarta a Indiya da takin zamani, shi kuma takin da iskar gas aka yi shi. An kaɗa zaren, an rina shi a tukunyar da kwal ke tafasawa, an ɗinka a Bangaladash, jirgin ruwa ya ɗauko. Duk wannan hayaƙin, a sabon lissafi, kan mai sayen rigar yake hawa. Ba wai ana bin riguna ɗaya bayan ɗaya ba. Masana na amfani da manyan jadawalin ciniki da ke nuna abin da kowane sashe na kowace ƙasa ke saye daga wani. Jami'ar Leeds ce ke yi wa gwamnatin Birtaniya wannan aiki, sakamakon kuma na nuna raguwar ba ta kai wadda ake shela ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken Steven Davis da Ken Caldeira na 2010 ya gano cewa a 2004, kashi 23 cikin 100 na iskar kabon da duniya ta fitar, kimanin tan biliyan 6.2, ta fito ne wajen yin kayan da wata ƙasa daban ta yi amfani da su.

Inda yake da rauni

Lissafin mai saye ƙiyasi ne, kuma alƙalumansa kan makara da shekaru. Sannan majalisar Birtaniya ba ta da iko da injin da ke ci da wuta a Sin, ita kuwa Sin ta ci ribar cinikin, bai kamata a wanke ta tas ba. A ganina, dole a riƙa buga lissafin biyu gefe da gefe. Ƙasa mai arziki da ta nuna guda ɗaya kaɗai ta ɓoye wa jama'arta rabin gaskiya.

Abin da ya shafi Najeriya

Iskar gas da ake ƙonawa a bakin rijiyoyin mai na yankin Neja Delta, a kan Najeriya ake rubuta ta, ko da ɗanyen man Turai ya nufa. A lissafin mai saye, kaso mai tsoka zai koma kan masu sayen man.

Tarayyar Turai kuma ta riga ta fara auna hayaƙin kayan da ke shiga kasuwarta. Tun Oktoban 2023 ta wajabta wa masu shigo da siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidirojin su bayyana hayaƙin da ke tattare da kayan, biyan kuɗi kuma ya shafi kayan da aka shigo da su daga 2026. Duk kamfanin taki na Najeriya da ke son sayarwa can, sai ya iya faɗin tan nawa na hayaƙi ya fitar a kan kowane tan na taki.