Mai nutso da mai tsayawa a gaɓa: bambancin fengwin da filamingo

Fasinjojin da ke jiran jirgin ruwan SOTRA a tashar Treichville, domin ƙetarawa zuwa Plateau ko Abobo-Doumé, sun saba ganin tsuntsaye iri biyu a tabkin Ébrié. Akwai zalɓe da ke tsayawa a ruwa marar zurfi yana dakon kifi, akwai kuma baƙin tsuntsun nan da Faransawa ke kira cormoran, wanda ke nutsewa ya bi kifin har ƙasa. Wanda ya lura da su ya riga ya gane rabin bambancin filamingo da fengwin, duk da cewa ba 'yan gida ɗaya ba ne da su.

Filamingo, wato flamant rose, yana kiwo a ruwan gishiri marar zurfi. Yakan sunkuyar da kai har bakinsa ya kife cikin ruwa, ya riƙa tace gansakuka da ƙananan jatan lande kamar rariya. Daga wannan abincin ne launinsa ruwan hoda ke zuwa, don 'ya'yansa da launin toka ake ƙyanƙyashe su. Yana tashi, kuma yana yin dogon zango. A yammacin Afirka, ana ganinsa da yawa a gandun Djoudj na Senegal da Banc d'Arguin na Muritaniya.

Fengwin ba ya tashi sam. Fikafikansa sun zama kamar filafilin kwalekwale, ƙasusuwansa masu nauyi ne don ya iya nutso. Masu karanta Faransanci su yi hattara: sunansa manchot, shi kuwa pingouin wani tsuntsu ne na tekun arewa, kuma yana tashi.

Ba duka fengwin ke zaune a ƙanƙara ba. Afirka na da nata, a gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, kuma yana cikin mawuyacin hali. Kamun kifin sadin da anchois ya rage masa abinci, har a 2024 ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin jinsin da ke dab da ƙarewa. Barazanar filamingo ta daban ce: yawancin ƙananan filamingo na gabashin Afirka a tabki ɗaya suke hayayyafa, wato Natron na Tanzaniya, inda aka sha yunƙurin kafa masana'antar haƙar kanwa.