Sanda da inuwa sun auna duniya

Kowace da'ira tana da digiri 360. Guntun bakin da'ira shi ake kira baka, don ya yi kama da bakan maharbi. Idan aka ja layi biyu daga cibiyar da'ira zuwa kawunan baka, sai a samu kusurwa a cibiya. Awon kusurwar nan shi ne awon bakan. Kusurwa mai digiri 90 tana riƙe da rubu'in da'ira, mai digiri 180 kuma rabinta.

Da wannan ƙa'ida wani masani Bagirke, mai suna Eratosten, ya auna kewayen duniya. A birnin Iskandariya na ƙasar Masar yake zaune, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa.

Can kudu akwai garin Aswan. A wata rana ta watan yuni, da tsakar rana, sandar da aka kafa a tsaye a Aswan ba ta yin inuwa. Amma a wannan lokaci, sandar Iskandariya tana da ƴar gajerar inuwa. Eratosten ya auna kusurwar da ke tsakanin sandar da hasken rana. Ya samu kashi 1 cikin 50 na da'ira, wato digiri 7,2.

Ga yadda ya yi tunani. Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo. Da za a zarce da sandunan biyu cikin ƙasa, da sun haɗu a cibiyarta. Rana kuwa tana da nisa ƙwarai, saboda haka haskenta yana sauka garuruwan biyu a jere, layukan ba su haɗuwa. Idan wani layi ya ratsa irin layukan nan biyu, sai ya yi siffar harafin Z, kusurwoyi biyu na Z ɗin kuma daidai suke. Ke nan kusurwar cibiyar duniya ma digiri 7,2 ce. Haka kuma bakan da ke tsakanin garuruwan biyu.

Tsakanin Iskandariya da Aswan wajen kilomita 800 ne a ma'aunin yau.

360 : 7,2 = 50
800 × 50 = 40 000

Awon zamani ya nuna kewayen duniya wajen kilomita 40 000 ne.

Tambayoyi
1. Digiri nawa ne bakan da kusurwar cibiyarsa take digiri 60?
2. Irin wannan baka nawa ke cika da'ira?