YADDA AKE ƊUMAMA MOTA A ƘASASHEN ƘANƘARA

Ga hunturu ya kama, leɓe na tsagewa, yara na gudun wanka, motar maigida kuma sai an yi ta fama da safe kafin ta tashi. Saboda haka makon nan za mu leƙa ƙasashen da sanyinsu ya ninka namu nesa ba kusa ba, mu ga dabarun da suke yi wa motocinsu. Kada wata ta ce ina ruwan mace da inji. Da yawa cikinmu suna tuƙi, waɗansu suna da 'ya'ya ko ƙanne masu karatu a Kanada ko Rasha, wata kuwa gobe za ta bi mijinta can. Ban da wannan, cikin zancen akwai abin da ya shafi ran kowace mai ɗaki, ko da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.

ABIN DA SANYI KE YI WA MOTA

A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, cikin watan Janairu, sanyi ya kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. A Winnipeg ta Kanada kuwa digiri 30 ƙasa da sifiri ba abin mamaki ba ne. Ku tuna ruwa a kan sifiri ya ke zama ƙanƙara. To, irin wannan sanyi ta wuri huɗu ya ke kama mota.

Na fari, baƙin mai. Kin san yadda man shanu ko man ja ke daskarewa cikin kwalba da hunturu, har sai kin kai shi bakin murhu. Haka baƙin man inji ke yin kauri, ya kasa gudu ya jiƙa ƙarafa, su yi ta cin juna. Don haka ne a ke rubuta lamba a jikin galan, kamar 5W-30. Harafin W ɗin nan na lokacin sanyi ne, kuma in lambar da ke gabansa ƙarama ce, man ya fi saurin gudu cikin ɗari.

Na biyu, batir. In sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, batir ya kan rasa wajen rabin ƙarfinsa, alhali kuwa lokacin ne a ke bukatarsa ya juya inji mai nauyi.

Na uku, ruwan lagireto. Ruwa in ya daskare ƙaruwa ya ke yi, kamar yadda kwalba cike ke fashewa in an manta da ita cikin firiza. In ya daskare cikin inji sai ya tsaga ƙarfen. Saboda haka su kan gauraya ruwan da wani magani mai hana daskarewa, rabi da rabi, ya jure har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Maganin nan yana da launi mai kyau, kore ko ja, yana da zaƙi kuma, amma guba ne mai lalata ƙoda. Ana sayar da irinsa a nan ma. In maigida ya kawo shi gida, ki ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma a juye shi cikin kwalbar lemo.

Na huɗu, man gas na manyan motoci. Akwai kakin da ke cikinsa, sanyi kan sa ya yi gudaji ya toshe matata. Shi ya sa a can a ke sayar da man gas na musamman domin watannin ƙanƙara.

DABARUN DA DA NA YANZU

Mutanen da sun sha wahala. Direba ya kan zubar da ruwan lagireto da dare, ya ɗauke batir ya kwana da shi a ɗaki, da asuba ya dafa ruwa ya ɗura. Waɗansu su kan hura wuta a ƙarƙashin inji don mai ya narke. Sojan Jamus sun yi haka a bakin Mosko cikin sanyin 1941, sa'ad da motocinsu da tankokinsu suka ƙi tashi. Amma wuta da fetur ba sa zama wuri ɗaya, motoci da yawa sun ƙone ta wannan hanya.

Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman, mutumin Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa, ƙasar Amurka, shi ya kawo sauƙi. Wajen 1940 ya ɗauki ƙarfen da ke yin zafi cikin tsohon dutsen guga na lantarki, ya haɗa shi da bututun tagulla, ya ɗumama ruwan injin motarsa da shi. A 1949 hukuma ta ba shi takardar shaida cewa ƙirar tasa ce. Jikokin wannan na'ura su ne a motocin Kanada da Finlan da Suwidin. Ɗan ƙarfe ne a ke dasawa a jikin inji, da waya mai fulogi tana leƙowa ta gaban mota. A bakin gidaje da ofisoshi akwai 'yan turaku masu soket, mutum ya tsaya ya jona motarsa kamar mai ɗaure doki. Awa biyu zuwa huɗu sun isa. Mai tattali ya kan sa agogo mai kunna wutar da kansa kafin asuba, don kada ta kwana tana ci a banza.

Inda babu lantarki kusa, akwai wani ɗan murhu da a ke ɗaurawa cikin mota, yana shan man tanki kaɗan kaɗan, misalin rabin lita a awa. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, su suka yi suna wajen ƙera shi. Cikin minti ashirin ko talatin ya ɗumama inji da cikin mota duka, hayaƙinsa kuma waje ya ke fita. Direbobin manyan motoci masu kwana a hanya da shi su ke barci, ba sai sun bar inji yana ruri har safe ba.

Akwai kuma makullin da ke tada mota daga nesa, uwargida tana shan shayi mota tana ɗumama a waje. Motoci masu aiki da batir zalla, irin waɗanda suka kai kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a Norwe a 2024, su kuwa a kan umarce su ta wayar hannu su ɗumama ciki tun suna jone da wuta, don kada ɗumin ya cinye cajin tafiya. A Yakutsk, wanda ba shi da gareji mai ɗumi ya kan lulluɓe motarsa da wani ƙaton bargo, ko ya bar injin yana aiki yini guda, gama in ya mutu a waje ba lalle ya sake tashi ba sai sanyi ya sassauta.

A BAR INJI YANA AIKI A TSAYE?

Iyayenmu sun saba su tada mota su bar ta minti goma ko fi. Da gaskiyarsu, domin motocin zamaninsu masu kafireto ne, in ba su yi zafi ba sai su yi ta tari suna mutuwa. Tun wajen 1990 yawancin sababbin motoci suka koma masu fesa mai da awo, na'ura tana lura da sanyi tana daidaitawa. Irin waɗannan rabin minti ko minti ɗaya ya ishe su, sa'an nan a ja a hankali, kada a taka totur da ƙarfi sai allurar zafi ta motsa. Inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya, a tsaye kuwa mai kawai ya ke ƙonewa. Har doka a ka yi a kan haka. A Finlan ba a yarda a bar inji yana aiki a tsaye fiye da minti biyu ba, sai in sanyi ya wuce digiri 15 ƙasa da sifiri, sa'an nan a ba ka huɗu. A garuruwan Suwidin da yawa minti ɗaya ne.

Ɗumin cikin mota daga ruwan inji ya ke zuwa. Ruwan zafi na ratsa wani ƙaramin lagireto a gaban ƙafafun direba, fanka ta huro iska ta cikinsa. Watau in inji bai yi zafi ba, buɗe fanka iskar sanyi kaɗai za ta kawo miki. Mai zuwa can ta riƙe abu uku. Kada ta watsa ruwan zafi a gilashin da ƙanƙara ta rufe, fashewa zai yi. Ta ƙwanƙwasa murfin inji kafin ta tada, gama kyanwa kan shiga neman ɗumi. In za ta ɗaure jariri a kujerarsa ta mota, ta cire masa rigar sanyi mai kauri, ta ɗaure shi tam, sa'an nan ta rufa masa bargo a kai, domin riga mai kauri kan sa maɗaurin ya yi sako-sako.

MAI KISA BA SALLAMA

Yanzu ga babbar maganar. Duk abin da ke ƙonewa inda iska ba ta isa ba, fetur ne ko gawayi, yana fid da wata iska mai guba wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini ya kan kama ta fiye da yadda ya ke kama iskar kirki har sau ɗari biyu da ɗoriya. Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, sai barci ya ɗauke shi, daga nan sai Lahira. Ƙananan yara da masu ciki su ta fi saurin kayarwa.

A watan Janairu na 2022, ƙanƙara ta tsare dubban motoci a hanyar Murree ta ƙasar Pakistan. Mutum fiye da ashirin suka rasu cikin motocinsu, har da yara. Waɗansunsu sun rufe gilashi, sun bar inji yana aiki don ɗumi, ƙanƙara ta toshe bakin salansa, hayaƙi ya komo ciki. Abin da masana ke faɗa wa wanda ya maƙale haka shi ne ya share bakin salansa, ya tada inji minti goma kaɗai a kowace awa, ya kuma ɗan sauke gilashi. Ba a kuma ɗumama mota cikin gareji, ko da ƙofar a buɗe ta ke, sai a fito da ita fili.

NAMU RABON

Mu nan Allah ya sauƙaƙa mana. Ko a Jos ko Mambila da wuya ruwa ya daskare cikin inji. In mota ta ƙi tashi da safiyar hunturu, yawanci batir ne ya tsufa, sanyi ya tona asirinsa, sai a kai wa mai gyara ya auna. In kuwa kin ga wata waya mai fulogi tana reto a gaban motar da aka sayo ta hannu daga Kanada ko Amurka, to, na'urar ɗumin nan ce. Ba ta da aiki a ƙasarmu. Ki hana yara jona ta, domin don wuta mai ƙarfin 120 aka yi ta, tamu kuwa 230 ce.

Amma gubar nan tana nan cikin gidajenmu. Ita ce ke fita daga kaskon gawayi da a ke shiga da shi ɗaki da dare a rufe ƙofa da taga, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Ita ce kuma ke fita daga janareta da a ke ajiyewa a zaure ko a baranda don tsoron ɓarawo. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da mutanen gida guda ba mai motsi? In za ki ɗumama ɗaki da gawayi, ki bar taga a buɗe, ki kuma fid da kaskon waje kafin kowa ya kwanta, a ƙara bargo maimakonsa. Janareta ya zauna a fili, nesa da taga. In kin ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun kama ciwon kai da jiri lokaci guda, kada ki tsaya neman magani. Ki buɗe ƙofa, ki fid da kowa waje, a garzaya asibiti, a gaya wa likita abin da ke ci a ɗakin.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku da kakanninku wannan, ku kuma gaya wa maƙwabta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.