Masu Sayen Babur Ɗin Kuruza a Amurka da Dalilan Fifita Shi a Kan na Tsere

Manyan baburan Amurka sun kasu gida-gida, amma biyu ne aka fi kwatantawa: kuruza, wato babur ɗin tafiyar nishaɗi, da kuma babur ɗin tsere. Asalin siffar kuruza na komawa ga kamfanonin Indian, wanda aka kafa a 1901, da Harley-Davidson, wanda aka kafa a birnin Milwoki a 1903. Na tsere kuwa, irin su Suzuki GSX-R750 na 1985 da Yamaha R1 na 1998, an ƙera su ne bisa tsarin baburan gasa.

Dalili na farko na fifita kuruza shi ne yanayin zama. Sirdinsa na ƙasa-ƙasa ne, yawanci bai wuce santimita 70 ba, don haka mahayi kan dafa ƙasa da ƙafafunsa biyu idan ya tsaya. Yana zaune a miƙe, ƙafafu a gaba. Mai babur ɗin tsere kuwa sai ya duƙa bisa tanki, nauyinsa a kan wuyan hannu, gwiwoyi a lanƙwashe. Wannan zama ya dace da gudu da shan kwana, amma yana gajiyar da baya a doguwar tafiya, musamman ga wanda shekaru suka fara ja.

Dalili na biyu shi ne halin inji. Injin kuruza mai silinda biyu a siffar V yana ba da ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali, ba sai an yawaita canza giya ba. Injin na tsere kan iya wuce juyi 13,000 a minti, kuma daɗinsa ba ya fitowa sai a gudun da dokar hanya ta hana. Ga shi kuma kuɗin inshorarsa ya fi yawa, musamman ga matasa.

Dalili na uku shi ne zumunci. Tun 1938 ake taron mahaya a garin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu, kuma a 1983 Harley-Davidson ya kafa ƙungiyar masu baburansa. Mai saye yana samun abokan tafiya, da sutura ta musamman, da damar yi wa babur ɗinsa kwalliya yadda ransa ke so.

Su wane ne masu sayen? Ginshiƙin kasuwar dai maza ne da aka haifa tsakanin 1946 da 1964, waɗanda suka tasa da fina-finai irin su Easy Rider na 1969, suka kuma sami halin saye bayan sun manyanta. Mata da sababbin mahaya sun fi karkata ga ƙananan samfura kamar Honda Rebel, saboda gajartar sirdi da sauƙin nauyi.

Sai dai kuruza na da nasa cikas. Manyansa kan haura kilo 300, kuma ba ya kwantawa sosai a kwana kafin matakin ƙafa ya goge kwalta. Babbar matsalar ita ce tsufan masu saye: cinikin Harley-Davidson ya kai ƙololuwa wajen 2006, bai kuma sake komawa can ba. Kamfanin ya fito da babur mai lantarki, LiveWire, a 2019 don jawo matasa. Makomar kuruza ta rataya ne a kan ko matasan da tsada ke kora za su ga abin da iyayensu suka gani a cikinsa.