Idan Kwamfuta Ta Daina Ganin Faifan Ajiyarta

A ƙasashen da ke arewa da birnin Kano, watau irin su Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Dambatta, gona tana manne da gona, kuma kowane taku na ƙasa yana da mai shi. Inda jama'a suka yi yawa haka, lissafi ma yakan yi yawa: sunayen manoman da suka karɓi takin zamani, da bashin ƙungiyoyin gama kai, da sakamakon jarrabawar 'yan makaranta. A da a takarda ake ajiye irin wannan. Binciken da Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka buga a 1965 a kan ƙasa da mutanen wannan yanki, ana karanta shi har gobe. Amma kwamfutar da aka zuba wa lissafi shekara ashirin da suka wuce, sau da yawa sai a kunna ta, ta ce ba ta ga faifan ajiyarta ba.

Shi wannan faifai, wanda masu gyara ke kira had-dis, ya yi kama da garmaho. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da allura mai shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba, tana rubutu da maganaɗisu. Wannan rubutu ba ya gogewa don kawai kwamfuta ta kasa ganinsa. Ƙofar rumbu ce ta cije, hatsi kuwa yana ciki.

Abin farko da ya kamata ma'aikaci ko ɗalibi ya yi shi ne ya kasa kunne lokacin da aka kunna na'urar, gama faifan da kansa yakan faɗi ciwonsa.

In ya yi shiru ɗungum, to, wuta ce ba ta isa gare shi ba. Tsofaffin faya-fayai suna shan wuta iri biyu, bolt 12 ta rawayar waya, bolt 5 ta jar waya. Sai a kashe kwamfuta, a zare filogi, a gwada wata wayar. A ofishin karkara da ya daɗe a rufe, ba abin mamaki ba ne a tarar ɓera ya ci waya, ko zanzaro ya yi gini a cikin akwatin. Har ila yau, wutar janareta mai hawa da sauka takan ƙona wani ɗan ƙaramin makari a allon da ke ƙarƙashin faifan, kuma wannan gyara ne da gwani zai iya.

In kuwa ana jin yana juyawa sumul amma kwamfuta ba ta gan shi ba, nan ne aka fi samun sa'a. Kwamfutocin zamanin Windows XP da yawansu suna amfani da faffaɗar waya mai rami 40, wadda ƙurar hunturu da laimar damina kan ɓata bakinta. A cire ta, a share, a mayar daram, ko a sake wata. A bayan irin wannan faifai akwai ɗan maƙalli mai nuna wanne ne ubangida, wanne ne bara, idan biyu suna kan waya guda. In duka biyun suka ce su ne ubangida, kwamfuta tana iya rasa su gaba ɗaya. Faya-fayan SATA, waɗanda suka fito tun 2003, ba su da wannan rigima. Sa'an nan a duba ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032. In ya mutu, agogon kwamfuta yakan koma wata tsohuwar shekara, ta kuma manta yadda aka saita ta. Batirin da bai taka kara ya karya ba ya sa an jingine kwamfutoci masu lafiya.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a fitar da faifan a haɗa shi da wata kwamfuta ta hanyar mahaɗin USB, irin wanda ake nema wajen masu kayan kwamfuta a Titin Beirut cikin Kano. A nan ne haɗari yake. Kwamfuta tana iya tambaya ko a yi fomat, watau a share faifan a shirya shi sabo. Amsa ita ce a'a. In ya buɗe, a fara kwashe takardun da suka fi muhimmanci nan take, domin tsohon faifai yakan farka sau ɗaya ya sake sumewa.

Sauti na uku shi ne ƙas-ƙas-ƙas, ana yi ana maimaitawa. Wannan alama ce allura ta sami matsala, kuma kowane kunnawa yana iya kankare rubutun. A kashe kurum. Kada a buga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, kada kuma a kwance murfinsa. Ratar da ke tsakanin allura da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka ƙwararru ba sa buɗe shi sai a ɗaki mai tatacciyar iska. Teburin mai gyara a bakin kasuwa ranar da hazo ya sauka ba wurin wannan aiki ba ne.

Shi mai gyara ba mugu ba ne. Abin da ya saba a biya shi dominsa shi ne kwamfuta ta tashi, kuma hanya mafi sauri ita ce ya share faifan ya zuba sabuwar manhaja. Wajibi ne wanda ya kai masa aiki ya gaya masa dalla-dalla cewa abin da ke ciki ake so. In kuwa faifan na ofis ne, mai ɗauke da sunayen manoma da basussukansu, sai a nemi izinin shugaba a rubuce, a kwafe lambar da ke jikinsa cikin littafin ofis kafin ya bar Dambatta ko Bichi zuwa birni.