Lambar 911 a Zamanin Intanet: Fasaha Ta Samu, Saura Kuɗin Aiki

Idan zuciyar mutum ta tsaya farat ɗaya, jini yakan daina kai iskar oksijin zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa kuwa ba su da ajiyar abinci da iska irin wadda tsoka take da ita, saboda haka cikin minti 4 zuwa 6 sai su fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Likitoci sun ƙiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi wa irin wannan mutum taimakon farfaɗo da zuciya ba, damar rayuwarsa takan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wannan ɗan lissafi shi ne dalilin da ya sa ƙasashe suka keɓe gajeriyar lambar tarho domin neman agaji, kamar 112 a Nijeriya da ƙasashen Turai, ko 911 a Amurka. Shi ne kuma ma'aunin da ya kamata mai karatu ya riƙe a hannu yayin da ake maganar kuɗin sabunta irin wannan lamba.

Birnin Landan ne ya fara, a shekarar 1937, da lambar 999. Abin da ya jawo haka wata gobara ce da ta ci mata biyar a 1935, inda wani maƙwabci ya ɗaga tarho domin kiran 'yan kwana-kwana amma aka bar shi yana jiran layi a ofishin tarho. Amurka ba ta bi sahu ba sai ranar 16 ga Fabrairu, 1968, lokacin da aka yi kiran 911 na farko a wani ƙaramin gari mai suna Haleyville a Jihar Alabama. A yau ana ƙiyasta cewa Amurkawa suna kiran wannan lamba kimanin sau miliyan 240 a shekara, kuma cibiyoyin da ke amsa kiran sun doshi 6,000. Galibinsu ƙananan hukumomi da birane ne ke tafiyar da su. Gwamnatin Tarayya ba ta mallake su ba, kuma a nan ne tushen rikicin kuɗin yake.

Tsarin da aka gina domin wayar girke

Tsohon tsarin dabara ce mai kyau a zamaninta. Kowace wayar girke tana haɗe da gida guda ta hanyar wayar jan ƙarfe, kuma kamfanin tarho yana da adireshin gidan a rumbun bayanansa. Da zarar an buga 911, sai wata na'ura mai rarraba kira ta duba lambar mai kiran, ta tura shi cibiyar da ke kula da unguwarsa, sa'an nan adireshin ya bayyana a gaban ma'aikacin da ya amsa. Ko da mai kiran ya suma bai ce uffan ba, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wayar hannu ce ta rushe wannan tsari, domin ba ta da adireshi. A wurare da yawa fiye da kashi 80 cikin 100 na kiran 911 daga wayar hannu yake fitowa. Da yake tsohuwar na'urar ba ta san inda mutum yake tsaye ba, sai aka yi mata dabarar wucin gadi: ta tura kiran bisa ga turken sadarwar da ya karɓe shi, wato abin da jama'a ke kira ƙarfen sabis. Amma igiyar rediyo ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba. A watan Disamba na 2014, a Jihar Jojiya, motar wata mata mai raba jaridu ta faɗa cikin tafki da asuba. Ta kira 911, ta faɗi sunan titin da take a fili, sai dai turken da ya ɗauki kiranta yana cikin gundumar maƙwabta, kuma titin ba ya cikin taswirar cibiyar da ta amsa. Masu ceto sun shafe kusan minti 20 kafin su iso, daga bisani ta rasu a asibiti. A wannan shekarar ce Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda ake kira FCC a taƙaice, ta ƙiyasta cewa rage minti ɗaya kacal daga lokacin isa ga masu kira ta wayar hannu zai iya ceton rayuka kimanin 10,000 a shekara.

Bayan wannan, tsohon layin murya kaɗai yake ɗauka. Kurma, ko yarinyar da ta ɓuya a ƙarƙashin gado tana jin motsin ɓarawo, sun fi bukatar rubutaccen saƙo. An fara karɓar irin wannan saƙo a wata gunduma ta Jihar Ayowa a 2009, manyan kamfanonin waya huɗu kuma suka amince su isar da shi daga 2014, amma sai ga cibiyar da ta shirya karɓa.

Abin da ake nufi da "sabon zubi"

Tsarin da ake son komawa gare shi ana kiransa NG911, ma'ana 911 sabon zubi. A tsohon tsari, kowane kira yakan kama layi guda ya riƙe shi har a gama magana. A sabon kuwa, akan yayyanka murya zuwa ƙananan ƙunshi na bayanai, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi, kamar yadda ake yi a intanet. Da yake na'ura ba ta damu da abin da ke cikin ƙunshin ba, hanya ɗaya tana iya ɗaukar murya da rubutu da hoto da bidiyo, har da saƙon da mota kan aika da kanta idan ta yi karo. Ya kamata ɗalibai su lura cewa waɗannan bayanai ba sa bin intanet ɗin da kowa ke shiga. Ana gina musu keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro, wadda dai take aiki da ƙa'idojin intanet.

Babbar ribar ita ce ta wuri. Wayar hannu ta zamani tana iya gane inda take ta hanyar taurarin ɗan'adam da na'urorin Wi-Fi da ke kewaye da ita. Sabon tsarin yakan ɗauki wannan bayani ya ɗora shi a kan taswirar kwamfuta, ya tura kiran ga cibiyar da wurin yake ƙarƙashinta. Haka kuma idan guguwa ta rushe wata cibiya, ko kira ya yi mata yawa, ana iya karkatar da aikinta zuwa wata cibiyar mai nisan kilomita ɗaruruwa, tare da dukkan bayanan. Ƙungiyar masu aikin lambar gaggawa ta ƙasar, NENA, ta fitar da ƙa'idar gina wannan tsari tun 2011. Ke nan ba ilimin ne ya yi ƙaranci ba.

Tallafin da aka bayar da wanda ake bukata

Kuɗin tafiyar da 911 galibi yana fitowa ne daga wani ɗan haraji da jihohi da ƙananan hukumomi ke ɗorawa a kan kuɗin waya na wata-wata. A 2019 abin da aka tara ta wannan hanya ya ɗan haura dala biliyan 3. Adadin yana da yawa a ido, amma mafi yawansa yana tafiya ne a albashi da hayar layuka da gyaran na'urorin da ake da su. Shi ya sa aka juya ga Gwamnatin Tarayya domin neman tallafi.

Sau biyu aka ba da tallafin da aka keɓe musamman domin wannan aiki. Na farko a 2009, inda jihohi da yankuna 30 suka raba dala miliyan 40 da ɗoriya. Na biyu ya samo asali ne daga wata doka ta 2012, wadda ta ce a ware dala miliyan 115 daga kuɗin gwanjon igiyoyin rediyo. Gwanjon nan yana bukatar ɗan bayani. Zangon igiyoyin rediyo da wayar hannu ke aiki da shi dukiya ce ta ƙasa mai iyaka, kamar fili, don haka gwamnati takan sayar wa kamfanoni lasisin amfani da shi ga wanda ya fi tayi. Gwanjon da aka kammala a Janairun 2015 ya kawo fiye da dala biliyan 40. Ita dai wannan doka ta 2012 ta ware dala biliyan 7 domin FirstNet, wato hanyar sadarwa tsakanin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan motar asibiti. An yi wa masu ceto babbar hanya ta yin magana da juna, amma hanyar da talaka zai bi ya same su an ba ta abin da bai kai kashi 2 cikin 100 na wancan ba.

Kuɗin ma bai fito da wuri ba. Sai a watan Agusta na 2019, shekara bakwai bayan dokar, Ma'aikatar Ciniki da Ma'aikatar Sufuri suka sanar da raba dala miliyan 109 ga jihohi 34 da al'ummomi biyu na 'yan asalin ƙasar. Shekara guda kafin haka, a 2018, waɗannan ma'aikatu sun miƙa wa Majalisar Dokoki rahoton da ya ƙiyasta cewa kammala aikin a ƙasa baki ɗaya zai ci tsakanin dala biliyan 9.5 da biliyan 12.7 cikin shekara goma. Malamin lissafi zai iya ba 'yan aji wannan a matsayin aikin gida: amsar ita ce tallafin ya tsaya a wajen kashi 1 cikin 100 na bukata. Jihar Kalifoniya, mai mutane kusan miliyan 40, ta sami dala miliyan 11 da ɗoriya, wato ƙasa da senti 30 ga kowane mutum.

Sharuɗɗan tallafin su ma abin nazari ne. Gwamnatin Tarayya ba ta biyan fiye da kashi 60 cikin 100 na kowane aiki, sauran kashi 40 jiha ce za ta nemo. Hikimar a fili take, domin wanda ya sa kuɗinsa a cikin aiki ya fi kula da shi. Illar ita ce jihar da ta fi talauci, mai ƙauyuka a warwatse da layuka masu tsawo, ita ce wadda kawo kasonta zai fi yi wa wuya. Sharaɗi na biyu ya fi zafi: dole jiha ta tabbatar a rubuce cewa ba ta karkatar da harajin 911 zuwa wata hidima ba a cikin kwana 180 kafin neman tallafin, kuma ba za ta yi ba muddin tana cin moriyarsa. Ba banza aka sa wannan ba. Rahoton FCC ya nuna cewa a 2019 jihohi biyar sun karkatar da kimanin dala miliyan 200, wato kusan ninki biyu na dukan tallafin, kuma sunayen New York da New Jersey sun sha fitowa a irin waɗannan rahotanni. Sharaɗin daidai ne, sai dai wanda horon ke faɗawa a kansa shi ne mazaunin jihar, wanda ya biya harajin, aka kashe shi a wani wuri, sa'an nan aka hana cibiyarsa tallafi.

Me ya sa aikin ke da tsada haka? Sayen kwamfutoci ƙaramin ɓangare ne. Ba a rufe cibiyar 911 ko na dare ɗaya, don haka dole tsohon tsari da sabo su yi aiki tare na shekaru, ana biyan kuɗin duka biyu da na na'urorin da ke yi musu tafinta. Duk jinkirin da aka yi, wannan biya biyu ƙaruwa yake yi. Sa'an nan ga aikin taswira, wanda ba ya ɗaukar ido amma shi ne ƙashin bayan tsarin: kowane titi da kowane gida da kowace iyaka sai an shigar da su daidai, a kuma riƙa sabunta su. Ga horar da ma'aikata, waɗanda a da kunnensu kaɗai ke jin tashin hankali, yanzu kuwa idonsu zai ga jini da gobara, abin da ke da nasa nauyin a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ga kuma tsaro daga masu kutse, domin duk hanyar da hoto zai shigo, manhajar ɓarna ma za ta iya shigowa.

Abin da ya faru a watan Afrilu na 2014 ya nuna haɗarin yin aikin rabi da rabi. Wani kamfani mai suna Intrado yana da na'ura a Jihar Kolorado wadda ke rarraba kiran 911 na jihohi da dama. An rubuta manhajarta ta ba kowane kira lamba, aka kuma sa mata iyakar miliyan 40. Daren da ƙirgen ya cika, sai na'urar ta daina karɓar sabon kira, kuma ƙararrawar da ta buga ba ta nuna cewa matsalar babba ce ba. An yi kusan awa shida mutane fiye da miliyan 11 a jihohi bakwai, ciki har da Jihar Washinton baki ɗayanta, ba su da 911, kira fiye da 6,600 kuma suka tafi a banza. Babu guguwa, babu girgizar ƙasa. Tattara aikin wurare da yawa a na'ura guda yana rage tsada, amma sai an biya kuɗin na'ura ta biyu da za ta karɓi aiki nan take idan ta farko ta gaza.

Wa'adin kashe tallafin 2019 ya ƙare a watan Maris na 2022. A watan Yulin wannan shekara Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin da zai ware har dala biliyan 10 daga gwanjon gaba, amma bai tsallake Majalisar Dattawa ba. A Maris na 2023 ikon da FCC take da shi na yin gwanjon ma ya ƙare, kuma da aka maido da shi a Yulin 2025, dokar ba ta keɓe wa 911 kaso ba.

Abin da FCC ta iya yi shi ne kafa ƙa'ida. A Janairun 2024 ta umarci kamfanonin wayar hannu su riƙa tura kira bisa ga ainihin wurin da wayar take, matuƙar bayanin ya samu, maimakon wurin turke. A Yulin shekarar kuma ta wajabta musu isar da kiran 911 cikin tsarin intanet, manyan kamfanoni cikin wata shida, ƙanana cikin shekara guda. Sai dai wannan wa'adi ba ya fara ƙirguwa sai hukumar 911 ta jiha ko ta yanki ta nema a rubuce, ta kuma tabbatar cewa ta riga ta gina hanyar da za ta karɓi kiran.