Madubin Gefen Mota: Idon Direba na Baya

Idan za ka shiga mota zuwa kasuwa, ko biki, ko asibiti, me kake dubawa? Yawancinmu mukan tambayi kuɗin mota, mu nemi wurin zama mai daɗi. Mai lura yakan dubi taya. Kaɗan ne ke duban madubin gefe. Amma ka tsaya a tasha ranar kasuwa ka ƙirga da kanka. Za ka ga motar da madubinta ya karye aka ɗaure da roba, da wadda gilashin ya zube sai kwanon, da wadda ba a ma san inda madubin ya taɓa zama ba. Dukansu za su ɗauki mutane su hau babbar hanya.

Wannan ɗan littafi zai bayyana maka aikin madubin nan, da abin da doka ta ce a kansa, da abin da za ka yi idan ya fashe kana kan hanya. Ko ba ka da mota, maganar ta shafe ka, domin kai fasinja ne, ko mai moto, ko mai amalanke, ko mai tafiya a gefen kwalta.

Nauyin haɗarin hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Waɗanda ke jin rauni ba su mutu ba sun kai miliyan 20 zuwa 50. A cikin yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka, ko da yake motocinta ba su kai na sauran yankuna yawa ba. Fiye da rabin masu mutuwa kuwa masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu moto.

Ka riƙe wannan magana ta ƙarshe. Waɗannan su ne mutanen da ke bin gefen mota da bayanta, inda direba ba ya ganinsu sai da madubi.

A asibiti, raunin da aka saba gani bayan irin wannan haɗari shi ne karayar ƙafa, da karayar cinya, da buguwar kai. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Idan ƙashin cinya ya karye, lita ɗaya ko fiye na iya zuba a ciki ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Ƙashin kuma yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe. Magidancin da ya karye a farkon damina ya yi asarar noman shekara ke nan, ga kuɗin magani, ga mai jinya da ya bar nasa aikin.

Madubai uku, kowanne da aikinsa

A Nijar, da Najeriya, da Gana, da Kamaru, da Chadi, mota na bin hannun dama, direba na zaune a hagu.

Madubin ciki yana nuna abin da ke bayan mota kai tsaye. Amma idan an cika bayan mota da buhuna, ko fasinjoji sun tokare gilashin baya, ba shi da sauran amfani. Babbar mota kuwa ba ta da gilashin baya da zai nuna hanya tun asali.

Madubin hagu, na gefen direba, shi ne ke nuna wanda ke shirin wuce ka. Da shi kake sanin ko za ka iya fita ka sha gaban motar da ke gabanka, ko ka tashi daga inda ka tsaya ka hau kwalta.

Madubin dama shi ne aka fi rainawa. Shi ke nuna ɗan kabu-kabun da ya kutso ta gefe, da yaron da ke kora jaki, da mai tallar da ta matso jikin mota, da fasinjan da bai gama sauka ba. Shi kuma ke gaya maka ko ka gama wuce mota kafin ka koma hannunka.

Gilashin madubin gefe yakan zama mai ɗan tudu, don ya nuna fili mai faɗi. Saboda haka abin da ka gani a ciki ya fi kusa da kai fiye da yadda ido ya nuna maka. Kuma ko madubai uku suna nan lafiya, akwai lungu a kowane gefe, daidai bayan kafaɗar direba, wanda ba su kaiwa. Moto ɗaya na iya ɓacewa a lungun nan ɗungum.

Waiwaye kaɗai bai isa ba

Wani direba zai ce: "Ai ina da wuya, zan waiwaya." Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, kuma gaskiya ne. Direban kirki yakan yi ɗan waiwaye kafin ya juya, don ya duba lungun da madubi ba ya gani. Amma mu yi lissafi.

Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kallon madubi ɗan ƙiftawa ne, kuma gefen idonka na kan hanya. Idan babu madubi, sai ka juya kai da kafaɗa, ka nemi abin da ke baya, ka dawo. A ce daƙiƙa biyu ka yi. Motarka ta ci mita 50 ba wanda ke kallon gabanta. Rabin filin ƙwallo ke nan. A cikin wannan tazara akuya na iya tsallakawa, ko motar gaba ta taka birki, ko rami ya bayyana. Bayan haka, hannu yakan bi kai: wanda ya juya da ƙarfi yakan karkatar da sitiyari bai sani ba.

Ka tuna da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa, Maraɗi, Tasawa, har Damagaram da Diffa. A mafi yawanta layi biyu ne kawai, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa. A kanta ne manyan bas, da tirela, da motocin albasa, da moto, da amalanke, da garken dabbobi ke haɗuwa. Duk wanda zai wuce wani sai ya shiga hannun masu tahowa. Idan ka fita wuce amalanke ba ka san bas ta riga ta fito wuce ka ba, babu wurin kauce wa juna.

Direbobin da ke kai kaya nesa suna hawa hanyoyi masu layi da yawa, irin ta Kano zuwa Kaduna, ko ta Akara zuwa Tema, ko ta Yamusukuro zuwa Abijan. A can gudu ya fi yawa, motoci na wuce ka ta gefe ko da yaushe, kuma kowane canjin layi ya dogara ga madubi.

Doka ta yarda a tuƙa mota babu madubi?

A shekarar 1968 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar hanya a birnin Biyana, kuma Nijar na cikin waɗanda suka amince da ita. Yarjejeniyar ta wajabta wa mota madubi ɗaya ko fiye, a jere su yadda direba zai iya ganin abin da ke tahowa bayansa. Kowace ƙasa kuma tana da tata dokar hanya da ke fayyace wannan.

A Faransa, alal misali, ƙaramar mota sai da madubin ciki da na gefen direba, kuma idan na ciki ba ya ganin baya, na dama ma ya zama dole. A Ingila ma ana buƙatar aƙalla madubi biyu, ɗayansu na gefen direba. Hikimar ɗaya ce ko'ina, kuma ga yadda za ka riƙe ta:

Idan madubin gefen direba ne babu, kada motar ta hau babbar hanya.

Idan na dama ne babu, kuma kaya ko mutane sun rufe gilashin baya, ko babbar mota ce, ita ma kada ta hau.

Idan na dama ne babu amma na ciki da na hagu suna aiki, motar na iya lallaɓawa zuwa wurin gyara, amma direba ya san gefensa ɗaya a makance yake.

Jandarma da ƴan sanda suna da ikon tsayar da motar da kayan aikinta ba su cika ba, su ci tara. Madubi na cikin abubuwan da ake dubawa wajen binciken lafiyar mota. Idan kuma haɗari ya auku aka tarar ba ka da madubi, laifi na iya komawa kanka, ko da kana ganin kai ne mai gaskiya. Tarar jandarma ana biya a wuce. Ran ɗan mutane da ka buge ba ya biyuwa.

Kai mai moto

Samari da yawa suna kwance madubin moto ranar da aka saye ta, wai don ta yi kyau, ko don ta shige tsakanin motoci. Mai moto ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke bayansa, domin ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi. Idan ka kauce wa rami ko yashi ba ka san tirela na bayanka ba, tirela ba za ta iya tsayawa nan take ba. Ka mayar da madubanka biyu. Ka sa hular kwano ka ɗaure igiyarta, wanda ka goya ma ya sa, domin tana rage mutuwa da raunin ƙwaƙwalwa ƙwarai.

Ga ƙa'ida mai sauƙi game da manyan motoci: idan ba ka ganin fuskar direba a cikin madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka wuce babbar mota ta dama, musamman kusa da kwana, domin in ta juya, tayoyin bayanta sukan yanke kwanar su bi ta inda kake.

Idan madubi ya fashe kana kan hanya

Rage gudu a hankali, ka sauka daga kwalta a wurin da ake hango ka daga nesa. Kada ka tsaya a kwana ko bayan tudu.

Idan kwanon ne ya saki, ka ɗaure shi sosai yadda ba zai yi rawa ba, ka daidaita shi. Ka cire ɓaraguzan gilashi da tsumma don kada su yanke ka.

Madubin duba fuska ba ya maye gurbinsa. Filin da yake nunawa kaɗan ne, kuma yana saurin fashewa.

Idan dole ne ka ci gaba, ka tafi sannu, ka tsaya a hannunka, kada ka wuce kowa, kada ka yi tafiyar dare. Yaron mota na iya duba maka gefe har ku kai gari na gaba. A nan za ka nemi bakanike ko mai sayar da kayan mota. Kada "gobe zan gyara" ta zama wata shida.

Kowace safiya ka goge madubai, musamman da hunturu in ƙura ta yi yawa, da damina in laka ta fantsama. Ka zauna yadda kake tuƙi, ka daidaita na gefe har ka ga ɗan bakin jikin motarka kaɗan, sauran duk hanya. Kafin ka juya ko ka wuce wani, ka bi wannan jeri: madubi, sigina, ɗan waiwaye, sannan juyawa.

Kai fasinja, ke uwar yara

Kafin ka biya kuɗi, ka zagaya motar. Idan babu madubin gefen direba, ka jira wata. Idan babu wata, ka yi wa direba magana da ladabi, ka roƙe shi ya tafi sannu. Murya ɗaya ba ta da nauyi, amma fasinjoji biyar in sun yi magana, direba zai ji. Shugabannin tasha ma suna iya hana irin wannan mota lodi. Idan ƙungiya ko jama'ar unguwa za su yi hayar mota zuwa taro ko biki, a sa mutum ɗaya ya duba madubi, da taya, da birki, da fitila kafin a yi ciniki.

Ki koya wa yara kada su tsaya ko su yi wasa a bayan mota, ko da a tsaye take. Ƙaramin yaro ba ya fitowa a madubi in yana dab da bayanta. Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da zai fuskanci motoci masu tahowa. Mai amalanke ya liƙa abu mai ƙyalli a bayanta in zai yi dare.

Idan haɗari ya riga ya auku

A fara tsare wurin, a sa alama nesa ta kowane gefe don kada wata mota ta ƙara afkawa. A kira taimako: a Nijar lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. A danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a saki. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki a rauni. Kada a ba mai rauni ruwa ko abinci, domin wataƙila za a yi masa aiki. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a cusa a mota. Mutum uku ko huɗu su ɗaga shi a miƙe a kan katako, ɗaya na riƙe da kansa daidai da jikinsa.

Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce a ranar, kada a kai ta wurin mai ɗori, domin ƙwayoyin cuta na shiga ƙashi. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana magana, a kawo shi idan ya suma, ko yana amai, ko barci na fizgarsa, ko ciwon kai na ƙaruwa.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mun kuma ce rigakafi ya fi magani, kuma ba wanda ke barin rijiya a buɗe a tsakar gida mai yara. Kuɗin madubi bai kai kuɗin jinyar karaya ɗaya ba. Idan ka gama karanta wannan littafi, ka karanta wa direban garinku da samarin gidanku masu moto, sannan ku je tare ku duba madubansu.